Fim Ɗin Drishyam a Ma'aunin 'Yan Kallo: Kare Iyali ko Take Doka?

Gabatarwa

Daga cikin rukunonin finafinai akwai wanda ake ginawa a kan aikata laifi da bin sawun mai laifi, inda marubuci ke ƙulla labari ta yadda zuciyar ɗan kallo za ta kasance cikin ɗar-ɗar tun daga farko har ƙarshe, yana jiran ya ga ko asiri zai tonu ko zai ci gaba da rufuwa. Abin da aka saba gani a wannan rukuni shi ne ɗan sanda ko jami'in bincike ya zama gwarzo, mai laifi ya zama abin farauta, sannan a rufe labari da kama shi, domin jama'a su watse da natsuwar cewa rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya kuma ta mai kaya. Fim ɗin Drishyam, wanda Jeethu Joseph ya rubuta kuma ya ba da umarni, ya kuma fito a watan Disamba na shekarar 2013 cikin harshen Malayalam na Jihar Kerala da ke kudancin Indiya, ya kifar da wannan tsari gaba ɗaya, domin tun kafin a kai tsakiyarsa ɗan kallo ya riga ya san wadda ta yi kisa da wanda ya ɓoye gawa, kuma fatansa daga nan har ƙarshe shi ne kada 'yan sanda su yi nasara.

Karɓuwar da fim ɗin ya samu ta wuce duk abin da aka saba gani a masana'antar finafinan Malayalam, domin shi ne na farko a cikinta da cinikinsa ya haura rupi miliyan 500, kuma cikin shekaru biyu aka sake shirya shi a harsunan Kannada da Telugu da Tamil da Hindi, daga baya kuma a harshen Sinhala na ƙasar Sri Lanka a 2017, da harshen Sinanci a 2019. Sai dai wannan karɓuwa ta zo tare da rabuwar ra'ayi mai zurfi, inda wani ɓangare na 'yan kallo ke ganin fim ɗin a matsayin labarin talaka mai kaifin basira da ya tsare mutuncin gidansa daga masu ƙarfi, wani ɓangaren kuma ke ganin an yi amfani da gwanintar shirya fim wajen sa miliyoyin mutane su yi wa ɓoye gawa tafi. Duka ɓangarorin biyu suna da hujjoji masu nauyi, kuma adalci ba zai yiwu ba sai an saurari kowane ɗaya a inda ya fi ƙarfi.

Abin da Labarin Ya Ƙunsa

Jarumin labarin shi ne Georgekutty, wanda Mohanlal ya fito a matsayinsa, maraya ne da karatunsa bai wuce aji huɗu na firamare ba, yana sana'ar ja wa gidaje wayar tashoshin talabijin a wani ƙaramin gari na gundumar Idukki, kuma yawancin abin da ya sani game da duniya ya koye shi ne daga finafinan da yake kwana yana kallo a ofishinsa. Babbar 'yarsa, Anju, ta je wani sansanin ɗalibai, inda wani saurayi mai suna Varun ya ɗauki hoton bidiyonta a ɓoye tana wanka, sannan ya biyo ta gida da dare yana barazanar yaɗa hoton idan ba ta ba shi kanta ba. Da uwarta Rani ta roƙe shi ya rufa musu asiri, sai ya mayar da buƙatar tasa kanta, kuma cikin ƙoƙarin fasa wayar da hoton ke ciki sai Anju ta kwaɗa masa ƙarfe a ka, ya faɗi matacce. Uwa da 'ya suka binne shi a ramin taki da ke bayan gida, ƙaramar 'yar gidan, Anu, tana gani. Matsalar da ta fi komai girma ita ce mahaifiyar Varun, Geetha Prabhakar, Sufeto Janar ce ta 'yan sanda, wato ɗaya daga cikin manyan muƙaman rundunar jihar.

Da gari ya waye Georgekutty ya dawo ya ji abin da ya faru, sai ya yanke shawarar ba wanda zai shiga kurkuku daga gidansa. Ya tura motar Varun cikin ruwan da ya taru a wani tsohon ramin fasa dutse, ya sa layin wayar Varun a wata waya ya jefa ta cikin babbar motar ɗaukar kaya mai tafiya nesa domin ya karkatar da masu bin sawu, sannan ya kwashi iyalinsa zuwa garin Thodupuzha, suka halarci taron addu'a, suka ci abinci a gidan cin abinci, suka shiga silima, yana adana tikiti da rasit na kowane wuri. Daga baya ya riƙa komawa wurin kwandastan bas da mai gidan abinci da sauran waɗanda suka gan su, yana sako zancen tafiyar cikin hira tare da ambaton ranar da ba ita ba ce, har ranar ta zauna a ƙwaƙwalwarsu suka ba da shaida a kanta da zuciya ɗaya. Da 'yan sanda suka rasa mafita sai suka koma dukan iyalin, har da ƙaramar yarinyar, wadda ta nuna musu ramin takin, amma da aka tona a gaban jama'a da 'yan jarida sai aka tarar da mushen maraƙi. A ƙarshen fim ne ɗan kallo ke gane cewa gawar tana ƙarƙashin daɓen sabon ofishin 'yan sandan garin, wanda ake kan ginawa a daren da aka mayar da ita can.

Hujjojin Masu Yabo

Hujja ta farko da masu goyon bayan Georgekutty ke kafawa ita ce asalin laifin na Varun ne, domin shi ya keta sirrin budurwa, shi ya tako har gidan mutane da dare, shi ya nemi ya ci mutuncin 'ya da uwa, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Suna ƙara da cewa ko a idon doka abin da Anju ta yi bai kai kisan kai da gangan ba, domin kundin hukunta laifuka na Indiya na shekarar 1860, wanda shi ke aiki a lokacin, ya tanadi haƙƙin kare kai, kuma sashe na 100 ya faɗaɗa wannan haƙƙi har zuwa kashe maharin idan harin na nufin fyaɗe ne. Haka kuma fim ɗin ya fito ne shekara ɗaya bayan fyaɗen taron dangi da aka yi wa wata ɗaliba cikin bas a birnin Delhi a Disambar 2012, lamarin da ya girgiza ƙasar, ya kuma sa aka gyara doka a 2013 aka mayar da leƙen mace ko ɗaukar hotonta a halin sirri laifi mai zaman kansa a ƙarƙashin sashe na 354C. Iyayen da suka shiga silima a wancan lokaci sun shiga ne da fargabar abin da wayar hannu za ta iya yi wa 'ya'yansu mata, saboda haka ba abin mamaki ba ne da suka ga kansu a cikin Georgekutty da Rani.

Hujja ta biyu ita ce amsar tambayar da masu suka ke yawan yi, wato me ya hana iyalin kai kansu ga hukuma tunda doka tana iya kare su. Masu yabo suna cewa wannan tambaya ce ta wanda bai taɓa kwana a bayan kanta ba, domin dokar da ke rubuce a littafi daban take da abin da talaka ke tararwa idan wanda ya mutu ɗan Sufeto Janar ne. Suna nuna cewa azabtar da waɗanda ake tsare da su tsohon ciwo ne a Indiya, har ta kai Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar D. K. Basu da Jihar Bengal ta Yamma a Disambar 1996, ta gindaya ƙa'idojin da dole jami'i ya bi wajen kama mutum da tsare shi, kuma ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1997 amma ba ta tabbatar da ita ba. A watan Yunin 2019, a gundumar Idukki ɗin da aka gina labarin a cikinta, wani mutum ya mutu bayan an tsare shi a ofishin 'yan sanda na Nedumkandam, aka kuma tuhumi jami'ai da azabtar da shi, sannan a Yunin 2020 wani uba da ɗansa masu shago suka mutu bayan tsarewa a Sathankulam ta Jihar Tamil Nadu. A ganin wannan ɓangare, fitowar da ake dukan ƙaramar yarinya a gaban iyayenta hoto ne na abin da jama'a suka riga suka sani.

Hujja ta uku ta shafi darajar mutumin da bai yi zurfi a boko ba, da kuma aikin fasaha kanta. 'Yan kallo da yawa sun ji daɗin ganin ɗan aji huɗu ya gagari manyan jami'ai masu takardun shaida, kuma ya yi haka ne ba da makami ko tsafi ba, sai da haƙuri da lura da yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke riƙe abin da ta gani amma ta kasa riƙe ranar da ta gan shi. A fim ɗin Hindi na 2015, wanda Nishikant Kamat ya ba da umarni, Ajay Devgn ya fito a matsayin uban, Tabu kuma a matsayin Sufeto Janar, ranar da aka dasa a kawunan shaidu ita ce 2 ga Oktoba, kuma har yanzu duk shekara idan ranar ta zagayo mutane kan tuna da ita a kafafen sada zumunta. Masu wannan ra'ayi suna cewa sa ɗan kallo ya tausaya wa mai ɓoye laifi tsohuwar dabara ce a silima, domin a fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock na 1960 akwai inda ake tura mota mai ɗauke da gawa cikin fadama, ta tsaya ba ta nutse ba, ɗan kallo ya sami kansa yana so ta nutse, kuma ba wanda ya ce waɗanda suka ji haka sun koma makasa. Mutum mai hankali, in ji su, ya san bambanci tsakanin abin da ya ji a kujerar silima da abin da zai aikata a gidansa.

Hujjojin Masu Suka

Suka ta farko kuma wadda ta fi yaɗuwa ita ce fim ɗin makaranta ce ta koyon ɓatar da hujja. Jim kaɗan bayan fitowarsa, T. P. Senkumar, wanda a lokacin babban jami'i ne a rundunar 'yan sandan Kerala, daga baya kuma ya shugabance ta, ya fito fili ya soki saƙon da fim ɗin ke isarwa, yana nuna cewa masu mugun nufi za su iya ɗaukar darasi daga cikinsa. A shekarun da suka biyo baya jaridun Indiya sun sha kawo rahotannin kisan kai inda 'yan sanda ke cewa waɗanda ake zargi sun kwaikwayi dabarun fim ɗin, kamar jefa waya a cikin mota mai tafiya nesa ko binne gawa a ƙarƙashin daɓe, har sunan fim ɗin ya zama laƙabin da 'yan jarida ke liƙa wa duk kisan da aka yi ƙoƙarin ɓoyewa da dabara. Masu wannan ra'ayi suna bambanta fim ɗin da ke nuna cewa an aikata laifi da fim ɗin da ke nuna yadda ake aikata shi daki-daki, kuma a ganinsu Drishyam ya faɗa rukuni na biyu, tare da ƙarin illar cewa ya nuna dabarar ta yi aiki.

Suka ta biyu ta fi ta farko zurfi, domin ta shafi ɗabi'a. Ko da an yarda cewa mutuwar Varun kuskure ce ko kare kai, abin da Georgekutty ya yi bayan haka zaɓi ne da ya yi ido biyu, kuma sashe na 201 na kundin da aka ambata ya mayar da ɓatar da hujjar laifi laifi mai zaman kansa. Ya daɗe yana hana uwa da uba sanin ko ɗansu yana raye ko ya mutu, ya hana su gawar da za su yi wa hidimar ƙarshe, alhali mahaifin Varun, Prabhakar, mutum ne mai sanyin hali da bai cuci kowa ba a cikin labarin. Ya zaunar da yarinya ƙarama ya koya mata ƙarya har ta haddace, ya mayar da maƙwabta da abokan arziki masu shaidar zur ba tare da saninsu ba. Ko ɗan sanda Sahadevan, duk da kasancewarsa azzalumi mai karɓar na goro, gaskiya ya faɗa da ya ce ya ga Georgekutty yana shiga motar Varun, amma shi ne ya ƙare da shan duka a hannun jama'a da rasa mutuncinsa. Masu suka suna cewa fim ɗin da ya sa ɗakin kallo ya ɓarke da tafi a daidai lokacin da uwa ta rasa begen ganin gawar ɗanta ya taɓa wani abu a zuciyar jama'a da bai kamata a yi wasa da shi ba.

Suka ta uku ta fito ne musamman daga masu nazarin yadda ake nuna mata a finafinai, kuma ta kama ɓangaren da masu yabo ba su cika lura da shi ba. Anju ita ce aka zalunta, amma da zarar Varun ya mutu sai labarin ya bar hannunta ya koma hannun mahaifinta, ita da uwarta da ƙanwarta suka zama masu karɓar umarni kawai, mace guda mai iko a cikin fim ɗin kuma aka nuna ta a matsayin mai ba da umarnin azabtarwa wadda aikinta ya shagaltar da ita daga tarbiyyar ɗanta. Abin da ya fi damun masu wannan ra'ayi shi ne fim ɗin bai ƙalubalanci tunanin cewa fitar hoton zai zama ƙarshen rayuwar yarinyar da ta danginta ba, alhali wannan tunani shi ne makamin da mai barazanar ke riƙe da shi. Muddin al'umma ta ci gaba da ɗora kunyar irin wannan hoto a kan wadda aka ɗauka maimakon wanda ya ɗauka, to masu irin halin Varun za su ci gaba da samun ƙarfi, kuma budurwar da ta kalli fim ɗin ba ta sami wani ƙwarin gwiwa na kai ƙara ba.

Masu suka suna kuma tunatar da cewa damuwarsu tana da tarihi a masana'antar fim. A Amurka, ƙa'idojin tace finafinai da aka fi sani da dokar Hays, waɗanda aka tsananta aiki da su daga 1934 har aka yi watsi da su a 1968, sun hana a shirya fim ta yadda tausayin ɗan kallo zai koma wajen mai laifi, sun kuma hana a nuna dabarun aikata laifi dalla-dalla. Da aka sake shirya Drishyam a ƙasar Sin a 2019, an mayar da labarin ƙasar Tailan, aka kuma sauya ƙarshensa ta yadda uban ya fito da kansa ya amsa laifinsa bayan ya riga ya yi nasara a kan 'yan sanda, kuma duk da wannan sauyi fim ɗin ya yi ciniki sama da yuwan biliyan ɗaya. A fim ɗin Tamil mai suna Papanasam, wanda Jeethu Joseph ɗin ne ya ba da umarninsa a 2015, Kamal Haasan ya fashe da kuka a gaban iyayen mamacin, abin da ya nuna nauyin nadama fiye da yadda aka gani a na asali. A ganin masu suka, waɗannan sauye-sauye shaida ce cewa ana iya riƙe armashin labarin ba tare da an bar mai ɓoye gawa ya fita da murmushi ba.

Auna Hujjojin

Idan aka ɗora batun kwaikwayo a kan ma'auni, za a ga ya fi sauran rauni duk da cewa shi ya fi amo. Gaskiya ne cewa masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna a gwaje-gwajensa na farkon shekarun 1960 cewa yara kan kwaikwayi duka da suka ga babba yana yi wa 'yar tsana, ko da a hoton fim suka gani, amma tazara ce mai yawa tsakanin yaro da 'yar tsana da kuma baligi da ran ɗan Adam. A 2009 masana tattalin arziki Gordon Dahl da Stefano DellaVigna sun wallafa bincike a kan Amurka da ya gano cewa laifukan tashin hankali kan ragu a dararen da jama'a suka cika gidajen silima domin kallon finafinan tashin hankali, saboda masu saurin faɗa suna zaune a ɗakin kallo maimakon mashaya, ko da yake binciken ya taƙaita ne ga gajeren lokaci. Bugu da ƙari, duk rahoton da ya ce wani ya kwaikwayi Drishyam rahoto ne na wanda ya riga ya shiga hannu, kuma niyyar kisan tana zuwa ne daga gaba ko kuɗi ko kishi, fim ɗin bai haifar da ita ba. Abin da za a iya amincewa da shi shi ne fim na iya ba wa mai mugun nufi dabara, kuma wannan ya isa ya sa masu shirya fim su yi hattara, amma bai isa ya zama dalilin haramta labarin ba.

Batun ɗabi'a kuwa yana da nauyin da masu yabo ba za su iya ture shi ba, kuma alamu sun nuna marubucin ma ya ji nauyinsa. A kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a watan Fabrairun 2021 a dandalin Amazon Prime Video, an nuna iyalin bayan shekara shida, Anju tana fama da farfaɗiya da firgita duk lokacin da ta ji jiniyar motar 'yan sanda, Rani tana cikin fargaba, mutanen garin da suka taɓa tsaya musu sun koma yi da su, Georgekutty kuma ya shafe shekarun nan yana shirin ranar da za a sake zuwa kansa. Ya sake kuɓuta a kotu bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ƙasusuwan da aka tono ba na Varun ba ne, amma a ƙarshe ya aika wa iyayen ragowar ɗansu domin su yi masa hidimar ƙarshe bisa addininsu. Wannan aikawa amincewa ce cewa akwai haƙƙin da aka danne, kuma rayuwar tsoro da iyalin ke ciki amsa ce ga duk wanda ya fita daga kashi na farko yana zaton an ci bulus. Sukar da ta shafi mata ita ma tana nan daram, domin ko a kashi na biyu uban ne ke tunani, sauran suna jira.

Sai dai akwai abin da masu suka, musamman jami'an tsaro, suka kasa fuskanta, wato dalilin da ya sa miliyoyin 'yan kallo a harsuna da ƙasashe daban-daban suka karɓi shawarar Georgekutty ta guje wa hukuma ba tare da gardama ba. Labarin gaba ɗaya yana tsaye ne a kan zato guda, cewa talaka ba zai sami adalci ba idan abokin shari'arsa ɗan babban jami'i ne, kuma da a ce 'yan kallo ba su yarda da wannan zato ba, da fim ɗin ya rushe tun a sa'arsa ta farko, domin kowa zai ce ai sai su je su faɗi gaskiya. Jeethu Joseph bai ƙirƙiro wannan rashin yarda ba, a cikin zukatan jama'a ya same shi. Saboda haka tafin da ake yi a ɗakin kallo hukunci ne a kan yadda ake gudanar da aikin ɗan sanda, kuma jami'in da ya ji zafin tafin ya kamata ya fara da tambayar abin da ya sa mutanen da yake yi wa aiki suka fi tsoron ofishinsa fiye da tsoron kwana da gawa a bayan gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga ɗan kallo Bahaushe, wanda finafinan Indiya suka daɗe da zama abokan hirarsa tun zamanin gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya har zuwa zamanin fassara su da Hausa, wannan muhawara ba baƙuwa ba ce, domin tambayar ko fim na gyara tarbiyya ko yana ɓata ta ita ce ta sa aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Yana kuma da ma'aunin da zai taimaka masa ya raba abubuwa biyun da fim ɗin ya cakuɗa, domin a fiƙihun Musulunci an bambanta kisan ganganci da kisan kuskure, an tanadi diyya da kaffara a kan na kuskure, an kuma halatta wa mutum ya kare ransa da mutuncin iyalinsa, amma ba a halatta shaidar zur ko tauye haƙƙin magadan mamaci ba. Da wannan ma'auni mutum zai iya tausaya wa Anju gaba ɗaya, ya fahimci tsoron da ya kama mahaifinta, ba tare da ya wanke mahaifin daga abin da ya aikata ba.

Kammalawa

Abin da wannan awo ya nuna shi ne masu yabo sun yi daidai da suka ce fim ɗin ya faɗi gaskiya game da halin da mara gata ke shiga a hannun hukumar da ba ta da mai tsawata mata, kuma zargin cewa fim ɗin ne ke haifar da makasa bai sami hujjar da za ta ɗauke shi ba. Masu suka kuma sun yi daidai da suka ce Georgekutty ba mutum ne mara laifi ba, cewa an muzanta Varun da Sahadevan ne domin a sauƙaƙa wa ɗan kallo goyon bayansa, kuma an bar kunyar da ake ɗora wa yarinyar da aka zalunta ba tare da an taɓa ta ba. Drishyam fim ne da ya cancanci a kalla a kuma yi gardama a kansa, bai cancanci a haramta shi ba, haka kuma jaruminsa bai cancanci a mayar da shi abin koyi ba. Nauyin da ya rage yana kan ɓangarori uku: masu shirya fim su nuna farashin laifi kamar yadda suke nuna dabararsa, iyaye su tabbatar wa 'ya'yansu mata cewa wadda aka ɗauki hotonta a ɓoye ba ita ce mai abin kunya ba, hukumomin tsaro kuma su gyara aikinsu har ya zama uban da irin wannan masifa ta faɗa wa gidansa zai iya nufar ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, yana da yaƙinin za a yi masa adalci.